Cigiya a Aziziyya

Talata, bayan La'asar

Yau ma babu labari. Nu'uman ya je ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba, ya ce, "Hajja Asiya, sun ce a dawo." A dawo yaushe? Bai sani ba. Na ce ya shigo ya sha shayi, ya ce ba kowa a shago. Ban ga laifinsa ba. Abokin mijina Malam ne tun suna yara, kuma duk cikin tsaransu shi kaɗai ne iƙamarsa, wato takardar zama, ke da rai, shi kaɗai zai iya zuwa inda ake tsare da Malam ya yi tambaya ya fito da ƙafafunsa. Ni in na je, tambaya ta biyu ita ce ina takardarki.

Da Hausa nake rubutun nan, wadda na koya a firamare a Rano kafin gwaggo ta taho da ni Umara mu maƙale. Mujahida ba ta iya karanta ta ba, ita da Larabci ta tashi. Gara haka. Ta baro ɗakin mijinta ta tare a nan wai don ta kula da uwarta, ga shi ni ke lallashinta.

Na wanke kofin Malam duk da ba wanda ya sha da shi.

Laraba, hantsi

Na'urar sanyi ta fara tsiyaya. Malam ne ya san inda ake bugunta ta daina. Na sa roba a ƙasa.

Laraba, bayan Magariba

Bari in rubuta yadda abin ya faru sau ɗaya, ko kaina ya daina maimaita mini shi.

Malam haris ne, mai gadin wani bene a unguwar Aziziyya nan Makka inda alhazai ke sauka. In aikin Hajji ya wuce suka watse, shi ke bin ɗakuna yana shara. Su kuwa alhazai, Allah Ya karɓi aikinsu, ba su iya tafiya da kayansu duka ba. Silifa, lema, caza, tabarau, har haƙoran roba ya taɓa samu a cikin kofi. Sauran masu gadi tattarawa suke yi su kai gwanjo, ba mai ce musu kanzil. Nawa mijin fa? Tun yana yaro wani malami ya karanta musu cewa tsintuwar Makka ba kamar ta ko'ina ba ce. Ba ta zama taka ko ta shekara nawa a hannunka, ba a ma ɗaga ta daga ƙasa sai in za ka yi cigiya. Shi ke nan ya riƙe wannan magana kamar shi kaɗai aka faɗa wa. Duk La'asar zai shimfiɗa wani tsohon zanena a ƙofar masallacin layinsu, ya jera kayan, yana kira da Larabci da Hausa: "Hagg min? Na wane ne?" Mai tabarau ya isa ƙasarsu tun tuni har ya sayi wani, shi yana nan yana masa cigiya. Ƙarƙashin gadonmu kwalaye ne cike da kayan mutanen da ba za mu taɓa gani ba. Na yi faɗan har bakina ya gaji, na bari.

Bana, a hawa na huɗu, ɗakin da wasu alhazan Turai suka zauna, ya jawo durowa ya sami wata 'yar jaka mai zariya. A ciki katuna ne dogaye masu zane-zane: sarakuna, takubba, rana mai fuskar mutum, wani an rataye shi ta ƙafa. Ya kawo gida ya nuna mini. Na ce, "Malam, hotuna ne, ni hankalina bai kwanta da su ba, zuba su a shara." Ya ce, "Asiya, nawa ne da zan zubar? Wani bawan Allah ne ya manta kayan wasan 'ya'yansa."

Kayan wasa. Wayyo ni Asiya.

Ya kai su ƙofar masallaci. Kuma da yake shi mutum ne mai tsari, bai bar su a jaka ba, sai ya jera su layi-layi a kan zanen, fuskarsu sama, don mai su ya gane abinsa. Tsoho, baƙi, ba takarda, zaune a ƙasa a garin Makka, ya baza waɗannan a gabansa yana kiran masu wucewa. Wani saurayi ya tsaya ya ɗauke shi a waya. Washegari ma ya koma ya sake jerawa. Ranar ba a yi Magariba da shi ba, hukuma ta zo ta tafi da shi.

Sunan abin da ake tuhumarsa da shi ba zan rubuta ba.

Juma'a, bayan an sauko

Daga taga na saurari huɗuba. Nan unguwarmu Tandabawi in iska ta juyo ana jin Harami sarai.

Kwanon dambun da na aika wa maƙwabciyarmu matar Usaini ya dawo. A wanke, ba komai a ciki, an ajiye shi a bakin ƙofa ba a ƙwanƙwasa ba. Tun da nake a unguwar nan kwanona bai taɓa dawowa wayam ba, ko dabino ne sai an sako.

Asabar, hantsi

Mujahida tun safe tana kan waya, tana karanta mini abin da ban tambaye ta ba.

"Ya Ummi, sunan katunan nan tarot. Isma'i, saurara mana. Asalinsu ba na duba ba ne, wallahi. Karta ce ta wasa, kamar balot ɗin da su Ammu Nu'uman ke bugawa a bayan shago."

Na ce to.

Wai daga Masar karta ta shiga Turai, zamanin sarakunan Mamluk, waɗanda ke aiko wa Ka'aba riga. Gida huɗu gare ta: kofuna, takubba, tsabar kuɗi, sanduna. Wai mutanen Italiya ne suka ƙara mata hotuna, masu hannu da shuni suna sa a zana musu nasu da ruwan zinariya, su zauna suna wasa bayan sun ci sun ƙoshi. Sai bayan ɗaruruwan shekaru wasu a Faransa suka tashi suka ce ai sirrin mutanen Fir'auna ne a ɓoye a ciki, suka fara buɗe wa mutane gobensu da ita.

Na ce, "Wato abin daga wajenmu ya tafi da mutuncinsa, ya je can ya lalace, ya dawo ya ɗauke mini miji."

"Ummi, wasu ma ba gaibu suke nema da su ba. Hoton suke kallo su yi tunani a kan halin da suke ciki. Zai al-miraya, kamar madubi."

Na ce madubin ya ƙare ne a kasuwa?

Ta tura wa Nu'uman tarihin kaf a waya, wai ya je ya karanta wa mai binciken da ke riƙe da maganar Malam. Ya kira ta ya ce, "Ya binti, 'yata, in na shiga ina yi musu bayanin katunan nan dalla-dalla, ai cewa za su yi ni ne malaminsa." Na yi dariya, ban san ina da sauranta ba. Ita kuwa ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Lahadi, Azahar

Zafi. Ba labari. Roba ta cika, na zubar.

Litinin, bayan La'asar

Ɗaso ta zo. Maƙwabciyata ce ta hawan ƙasa, mun yi shekaru muna tuƙa wa alhazai tuwo tare. Tun ranar nan ko a matakala muka haɗu sai ta sami abin nema a jakarta. Yau ta shigo da niƙabi har tsakar ɗaki, ta rufo ƙofa da kanta.

"Yaya Asiya, ya muka ji da wannan abu?"

Na ce alhamdu lillahi. Ta zauna. Ta tambayi Mujahida, ta tambayi ƙafata, ta yabi labulen da ta sani tun yana sabo. Can sai ta sauke murya.

"Dama cewa na yi ko ya bar wani abu a gida. Ko ya ɗan koya miki. Kin san Issoufou nawa, tun da ya bar Damagaram ya bi ta Libiya ban ji muryarsa ba. Ba wani abu nake so ba, in san yana raye ne ko kuwa."

Na ce, "Ɗaso! Shekara nawa kina cin abinci a gidan nan? Mutumin da ke yi wa silifa ƙafa ɗaya cigiya, shi ne yau ya zama mai duba? Da rana ki guje ni kamar mai ƙazuwa, da yamma ki rufe fuska ki zo in buɗe miki gaibu?"

Ta ce, "To ai mutane ne ke faɗa." Sai ta fashe da kuka, irin wanda ba ya fitar da sauti. Na tashi na kawo mata ruwa, me zan yi? Ta sha, ta gyara niƙabi, ta leƙa matakala kafin ta fita.

Na daɗe zaune bayan ta tafi. Haushinta nake ji har yanzu. Amma ita shekaru ta yi tana jiran ɗanta, ni ko wata ban cika ba ga yadda na koma.

Laraba, hantsi

Nu'uman ya cire takalmi yau.

Limamin masallacin da ladan sun je sun ba da shaida, Allah Ya saka musu. Sun ce tun kafin su kama aiki a nan suke ganin Ammu Ja'afaru, wato Malam, da zanensa da tarkacensa. An kuma saurari bidiyon da saurayin nan ya ɗauka, an ji abin da yake faɗa, na wane ne, na wane ne. Nu'uman ya ce mai binciken ba mugun mutum ba ne, har murmushi ya yi.

Na ɗaga hannu zan yi godiya, ya ce in tsaya.

Katunan suna da adadi sananne, kuma ɗaya babu. Mai binciken yana so ya san ina yake. Wa ya ba? Don a ganinsa, in an ba wani ya tafi da shi gida, to ba cigiya ake yi ba, aiki ake yi. Duk tambayar da aka yi wa Malam yana amsawa har da ƙari, amma in aka zo kan wannan sai ya sunkuyar da kai ya yi gum.

Na ce, "Ai mai su ne ya yar da shi tun can."

Nu'uman ya ce, "To ya faɗi haka mana, Hajja. Ma adri, ban sani ba, shi ke nan fa. Ya ƙi."

Na san mijina. Bai iya ƙarya ba, ko ta ciniki. In ya yi shiru, ya sani ne.

Alhamis, La'asar

Na zazzage kwalayen duka. Na bi aljihun rigunansa, na ɗaga katifa, na duba bayan madubi. Tabarau, tabarau, tabarau. Bayana kamar zai tsinke.

Ranar Ashura, hantsi

Ina azumi, amma sai na rubuta.

Malam yana da likkafaninsa. Ya saya da kansa, ya wanke da zamzam, ya naɗe ya ɗora a saman kabad. Duk ranar Ashura yake sauko da shi ya shanya ya sha iska. Ba shi da wani buri a duniya in ban da a sallace shi a Harami a binne shi a ƙasar da aka binne uwarsa. Saboda wannan ne da kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takarda, ya rasu iƙama ta mutu, ya zaɓi zaman ɓoye a kan tafiya. Yau na ce bari in yi masa abin da ya saba. Na hau kujera na sauko da shi, ina warwarewa sai wani abu ya faɗo a kan ƙafata.

Katin da ya ɓata ne, zanen kwalekwale a kan ruwa. Mutum a tsaye daga baya yana tuƙi da gora. A zaune mace ce ta lulluɓe har kanta, ta juya baya, ƙaramin yaro ya raɓe a jikinta. An kakkafe takubba a gaban jirgin. Can nesa ga gaɓa da 'yan bishiyoyi. Ba a ganin fuskar kowa.

Na zauna a ƙasa inda nake.

Uban Malam daga Misau ya taso da iyalinsa a ƙafa zai zo Hajji. Suka yi shekaru a Sudan yana aikin auduga, a can aka haifi Malam, a can uban ya rasu bai ga teku ba. Uwar, Jannatu, ita ta ɗauko ɗanta ta shiga jirgin ruwa na katako daga Sawakin. Shekarar da suka iso ta rasu. Ba hoto, ba komai. Ya sha faɗa mini, yawanci in zazzaɓi ya kama shi, cewa fuskarta ta ɓace masa. Abin da ya rage masa bayanta ne kawai, da mayafinta, da ruwa yana bugun katako.

Wato ya ga uwarsa. Mutumin da ya taɓa sa ni na koma har Mina na mayar da cokalin da na tsinta, ya ga wannan ya kasa. Ya zare shi ya ɓoye, ya kai sauran cigiya. Shi ya sa ya yi shiru, kunya ce. Ya gwammace su kira shi da wancan sunan da ya buɗe baki ya ce ya riƙe tsintuwar Makka.

Kai, Malam. Duk gidan nan ka rasa inda za ka sa shi sai cikin likkafani?

Washegari, bayan Azahar

Na nuna wa Nu'uman katin. Ja da baya ya yi har ya bugi ƙofa.

"A cikin likkafani? La haula wa la ƙuwwata! Hajja, kin san yadda za su fassara wannan? Ƙona shi, yanzu, a gabana."

Na ce in na ƙona, shi zai fara magana ne? Zai ci gaba da shirunsa, su ci gaba da riƙe shi. Na ce, "Kai musu. Ka ba su labarin jirgin."

Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Ina da iyali. In aka tare ni a hanya da wannan a aljihu, wa zai je ya yi tambaya a kaina? Kuma ni aboki ne, za su ce shiryawa muka yi. Wanda ya ciro shi daga inda yake, shi za su ji."

Gaskiya ya faɗa. Na ce ya sha shayi, ya sha, bai iya kallona ba.

Na sa katin a ƙasan gwangwanin kuka.

Litinin, bayan Asuba

Na ciro shi na duba. Ban tambaye shi komai ba.

Talata, bayan Asuba

Na sake dubawa. Ruwan gefe ɗaya yana motsi, ɗaya gefen a kwance yake, jiya ban lura ba. Ban tambaye shi komai ba.

Talata, La'asar

Mujahida ta kama ni da shi a hannu. Ta kalle shi, ta kalli wayarta, na ga bakinta ya motsa.

Na ce, "Kul. Kada ki kuskura ki faɗa mini abin da suka ce yana nufi."

Ta ce, "Tayyib." Ta fita ta bar ni. Duk yinin nan in na kalle ta sai ta kawar da kai, wannan ma ai faɗa ne.

Laraba, bayan Asuba

Na tambaye shi. A zuci, amma na tambaya. Astagfirullah.

Laraba, hantsi

An ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. To wanda ya tambayi kwali a cikin gwangwanin kuka fa? Ban san wanda zan tambaya ba, kuma ina tsoron amsar. Na yi alwala na yi nafila na roƙi gafara, ni da na zage Ɗaso tas.

Bai ce mini komai ba, kwali ne. Ba ya ji, ba ya gani, gobe tana hannun Mai ita. Amma da na daɗe ina kallon matar nan sai na tsinci kaina ina tunanin abin da nake gudu tun ranar Ashura. Ko an wanke Malam daga wancan sunan, ba gida za a sako shi ba. Ba shi da takarda, tarhil za a yi masa, a sa shi a jirgi a kai shi ƙasar ubansa. Mutumin da bai taɓa taka Najeriya ba. Bai san kowa a Misau ba, bai san yadda ake hawa mota a can ba, maganin hawan jininsa ma ni ke miƙa masa.

Wannan ba kati ne ya faɗa mini ba. Na sani tun farko, kauce masa nake yi.

Alhamis, bayan Magariba

Mun yi ta da Mujahida.

Na ce mata Lahadi zan je in kai shi da kaina. Ta zubar da farantin da ke hannunta.

"Inti majnuna? Ummi, kin haukace? In kika shiga ba za ki fito ba! Za su ɗauki zanen yatsunki, halas, shi ke nan, ba ke ba Makka."

Na ce na sani.

"To ni fa? Abuya ya tafi, ke ma ki tafi? Ni ko Hausar kirki ban iya ba, in zo in same ku a ina?"

Na ce tana da miji, Marwan mutumin kirki ne, takardarsu lafiya lau. Ubanta ba shi da kowa sai ni.

Sai ta ɗaga murya ta faɗi abin da na hana ta. "Kin san ma'anarsa? Safar! Tafiya ce, a bar wuri cikin baƙin ciki a haye ruwa. Kin zauna kina kallonsa kullum har ya shiga kanki!"

Na ce, "Jirgi ne a kan ruwa, 'yar nan, da me zai nufa, daka?" Na so in yi mata tsawa amma ba ni da ƙarfi. Na jawo ta ta kwanta a cinyata kamar tana ƙarama, gashinta duk ya cukurkuɗe, ba ta taje shi ba tun da aka tafi da ubanta. Na ɗauko mataji na taje mata.

Ina rubutawa a nan don Allah Ya shaida: ba don katin zan je ba.

Juma'a, La'asar

Na je Harami. Na yi ɗawafi a hankali, ƙafar tana ciwo, ban damu ba. Ban yi wata doguwar addu'a ba, kallo kawai na yi ta yi. Na sha zamzam har cikina ya ɗaure.

Asabar, hantsi

Na sauka na ƙwanƙwasa wa Ɗaso. Na ba ta babbar tukunyata da muciya. Na ce ta yafe mini maganar ran nan, kuma zan riƙa sa Issoufou a addu'a, iyakar abin da na iya ke nan. Ta riƙe hannuna a matakala, ba niƙabi, matar Usaini tana kallo.

Lahadi, bayan Asuba

Na sa baƙar abaya mai kauri. Katin yana cikin safa. Na nuna wa Mujahida inda ake bugun na'urar, ban tabbata nan ne ba.

Wata Talata, ban san kwanan wata ba, bayan Azahar

Sashen mata, a gidan da ake tsare masu jiran tarhil. Mujahida ta aiko da jaka ta hannun Nu'uman: kayana, maganin Malam, likkafaninsa, da wannan littafin. Ba ta san abin da ke ciki ba, ta dai ga ina yawan riƙe shi.

Ga yadda aka yi. Na ajiye katin a kan teburin mai binciken, na faɗi inda na same shi, ban rage komai ba, har likkafanin. Na ga fuskarsa ta canja. Sai na ba shi labarin Jannatu da jirgin, da Larabcina na kasuwa. Bai katse ni ba. Ya kife katin, ya sa aka kai ni wani ɗaki, ya aika aka kawo Malam. Daga baya ya faɗa mini abin da ya yi. Ce masa ya yi, matarka ta zo, yanzu faɗa mini abin da ke jikin katin da ya ɓata. Wai Malam ya ce, "Ummi ce, uwata ce." Ya kwatanta shi tun daga gora har gaɓar teku, yana kuka, yana cewa shi ɓarawo ne, a hukunta shi a kan wannan.

Sihiri. Yanzu zan iya rubutawa, tunda an goge shi daga kan sunansa.

Da mai binciken ya gama, ya rufe fayil, ya daɗe yana kallon teburin. Sannan a hankali ya ce, "Ya Hajja, ina iƙamarki?"

Na ce, "Ɗana, ai kai ma ka san amsar."

Alhamis, hantsi

Mutanen ofishin jakadancinmu sun zo. Na ce a rubuta mu tare, Kano. Ina da ƙane a Rano, in yana raye.

Asabar, Azahar

Ba labari. Nan na'urarsu ba ta tsiyaya.

Litinin, hantsi, filin jirgin Jidda

Sun bar Malam ya zauna kusa da ni. Ya rame, gemun ya yi fari fat, rigar tana yawo a jikinsa. Duk makonnin nan na tanadi maganganun da zan faɗa masa, na jera su tsaf, wasu ma da zagi.

Shi ya riga ni. Ya ce, "Asiya, an samu mai su?"

Na ce, "Ba a samu ba, Malam."

"Kwalayen ƙarƙashin gado fa?"

"Suna wurin Mujahida."

"Ki ce mata ta ci gaba da cigiya."

Na ce in ta kuskura ta shimfiɗa zane a ƙofar wani masallaci, daga Rano zan taso a ƙafa in ci mutuncinta. Ya yi ɗan murmushi. Sai ya taɓa jakar da ke cinyata, ya ji abin da ke ciki ta jikin yadin, ya janye hannu.

Ya ce, "Ƙasar Makka ba ta karɓe ni ba. Abu ɗaya na riƙe, Asiya. Ɗaya."

Ban iya ba shi amsar malamai ba. Na ce ruwan da aka wanke likkafanin da shi dai na Makka ne, kuma duk inda aka haƙa ƙasar Allah ce. Na ɓare masa maganinsa ya haɗiya.

A motar da ta kawo mu, mata a gaba aka sa, maza a baya. Ni na yi ta juyawa ta taga ina neman duwatsun Makka har suka ɓace, wuyana har yanzu ciwo yake. Na tambaye shi ko ya samu ya yi musu kallon ƙarshe.

Ya ce bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Ya ce tun da aka tashi ya gane ni ta mayafi, bayana ya yi ta kallo har muka iso.

An kira layinmu. Ni zan riƙe jakar.